Wasiƙar Akawu: Tsagewar Ƙashin Tsatso da Wuƙar Likita

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo a ba ni filina na kullum, amma a wannan mako a ɗan ƙara mini, don maganar da na ɗauko ba ta taƙaituwa.

Takarda ce ta zo mini daga wani Malamin makaranta, wanda ya ce in sakaya sunansa da na garinsu, na kuwa yarda. Yana da ɗa mai shekara 16, gwanin ƙwallo, ya yi wata huɗu yana kukan ciwon tsatso. In ya sunkuya babu laifi, amma da ya gantsare sai ciwon ya soke shi. Aka kai shi asibiti, aka ɗauki hoto, Likita ya ce ƙashin ya tsage, har gaɓa ɗaya ta ɗan zame gaba. Tun ran nan gidan Malam ba a sake barci mai daɗi ba. Kakan yaron ya ce a kai shi wurin maɗori. Kawunsa ya ce a sayar da gona a yi masa aiki tun da wuri, kafin ya gurgunce. Uwar kuwa ta rantse wuƙa ba za ta taɓa bayan ɗanta ba tana numfashi. Malam ya rasa ta cewa, shi ne ya ce in ba shi shawara a wannan fili, ko wani ma ya ƙaru.

Allah ya gafarta Malam, ni ba likita ba ne, akawu ne, aikina fayil da lissafi. Abin da ya sa na ke da bakin magana shi ne, na yi watanni ina zaman benci a wani asibiti saboda Innata, ƙanwar mahaifiyata. Na yi tambaya har na gundiri ma'aikata, na karanta abin da hankalina ya iya ɗauka. Akwai kuma wani laifi da na yi a kan wannan al'amari, wanda zan faɗa a gaba, ko da ya ke ba shi da daɗin faɗi.

Bari mu fara da ginin kansa. Ƙashin baya gaɓoɓi ne da aka jera ɗaya bisa ɗaya, kamar yadda magini ke jera tubali. Akwai 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ya ke maƙale, 5 a tsatso, sa'an nan babban ƙashin da ke tsakanin ƙugu, wanda shi ma asalinsa 5 ne amma sun manne sun zama ɗaya. Likitoci sun ba na tsatso lamba daga sama zuwa ƙasa, L1 har L5, kan ƙashin ƙugun nan kuwa S1 su ke ce masa. Ku da kuka saba da lambar fayil wannan ba zai ba ku wuya ba. Kowace gaɓa tana da gaba mai kauri wadda ke ɗaukar nauyi, da wani baka na ƙashi ta baya, a tsakaninsu akwai rami inda laka da jijiyoyi ke bi. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai matashi na guringuntsi. Ta baya kuma kowace gaɓa tana sarƙe da ta samanta da ta ƙasanta da wasu 'yan ƙugiyoyi na ƙashi, dama da hagu. Su ne ke riƙe ta kada ta zame.

To, tsakanin ƙugiyar sama da ta ƙasa akwai wani ɗan siririn wuya, nan ne wurin da ke tsagewa. Galibi ba faɗuwa ɗaya ke karya shi ba, aikin yau da gobe ne. Ku ɗauki waya ku lanƙwasa ta nan, ku mayar can. Sau ɗaya ba ta yin komai, amma ku yi ta yi, sai ta karye a hannunku. Haka yawan gantsarewa da murɗa jiki ke yi wa wannan ɗan wuya, tun ba ga yaron da ƙashinsa bai gama ƙosawa ba. Don haka a ke yawan samun abin ga 'yan kokawa, da masu wasan alkafura, da masu ɗaga ƙarfe, da 'yan ƙwallo. Ba a haihuwar jariri da shi, kuma da aka duba mutanen da ba su taɓa tafiya da ƙafafunsu ba, ba a same shi gare su ba. Kusan 9 cikin 10 a gaɓa ta biyar ya ke faruwa, don ita ce ke ƙasa, ita ke shan nauyin duka. In an ɗauki hoton ƙashi a karkace, gefen gaɓar ya kan fito da siffar ɗan kare, in akwai tsaga sai a ga kamar an ɗaura wa karen igiya a wuya. Wani likita ya nuna mini wannan a littafinsa, na yi ta kallo ban ga kare ba, sai da ya zagaya shi da alƙalami. Yanzu akwai hoton CT mai nuna ƙashi filla-filla, da na MRI mai nuna jijiya da kuma ƙashin da ya fara gajiya tun bai tsage ba.

Ga abin da na ke so Kawun yaro ya ji kafin ya kira dillalin gona. A Amurka, a tsakiyar shekarun 1950, wasu likitoci sun ɗauki hoton bayan yara 500 'yan aji ɗaya, suka yi ta bin su suna sake dubawa. A shekara 6 da haihuwa wajen 4 cikin 100 suna da tsagar, da suka girma adadin ya kai 6 cikin 100. A 2003 aka buga labarin abin da ya same su bayan shekara 45. Babu ko ɗaya da gaɓarsa ta zame har rabi, kuma zaman lafiyar bayansu bai bambanta da na sauran jama'a ba. Watau in lissafin can ya yi daidai da namu, a ajin Malam mai yara 50 ba mamaki biyu ko uku suna ɗauke da wannan tsaga, suna guje-guje, su ba su sani ba, iyayensu ba su sani ba.

In wuyan nan ya tsage dama da hagu duka, gaban gaɓar ya rabu da ƙugiyoyinta ke nan, sai ta sami hanyar zamewa gaba a kan ta ƙasa. An daɗe da sanin wannan. Wani likitan haihuwa a Beljiyam mai suna Herbiniaux ya ba da labarinsa a 1782, don ya ga ƙashin ya turo yana tsuke wa mata hanyar haihuwa. A 1854 wani Bajamushe, Kilian, ya raɗa masa suna da harshen Yunanawa, ma'anarsa zamewar gaɓar baya. A 1932 kuma Meyerding na asibitin Mayo a Amurka ya kawo ma'aunin da a ke aiki da shi har yau. Ya raba saman ƙashin da ke ƙasa kashi huɗu. In zamewar ba ta wuce kwata ba, mataki na 1 ke nan. Zuwa rabi, na 2. Zuwa kwata uku, na 3, abin da ya wuce haka na 4. In gaɓar ta faɗo gaba ɗaya, shi a ke ƙirgawa na 5, amma wannan ba safai a ke ganinsa ba. Malam bai faɗa mini matakin ɗansa ba, sai dai ya ce "ta ɗan zame", ina zaton na 1 ne. Ya duba takardar asibiti, zai gani a rubuce.

In haka ne, maganin farko mai araha ne amma mai ɗaci: a ajiye ƙwallo. A kan hana yaro wasa wajen wata uku, wani lokaci a ɗaura masa ɗamarar asibiti, sa'an nan masu gashin ƙashi su koya masa motsa jiki na ƙarfafa naman ciki da na baya, da sassauta jijiyar bayan cinya, wadda ta kan ɗaure ga masu wannan ciwo. Fiye da 8 cikin 10 na yaran da aka bi da su ta wannan hanya su kan warware, su koma harkarsu ba tare da an tsaga su ba. Wani abin mamaki, ba kullum ƙashin ke haɗewa ba. Sau da yawa wani nama mai tauri ne ke cike tsagar ya riƙe ta, ciwon kuwa ya tafi. Don haka kada a tsorata in an sake hoto aka ga karen nan da igiyarsa, alhali yaro yana gudu lafiya.

Sai an yi wata shida ko fiye ana wannan da gaske, ciwo ya ƙi, sa'an nan a ke zancen wuƙa. Ga matashin da gaɓarsa ba ta zame ba, ko ta zame ɗan kaɗan ƙwarai, kuma guringuntsinsa na da lafiya, akwai aikin da wani likitan Ingila mai suna Buck ya bayyana a 1970. A kan kankare bakin tsagar har ƙashi mai jini ya fito, a ɗebo ɗan sabon ƙashi daga ƙugun yaron a cusa, a ratsa wurin da ƙusa mai murɗi, irin wadda kafintoci ke ce wa sukuru, ta matse shi har ya kama. Daga baya wasu sun zo da waya, wasu da ƙugiya da sanda, amma manufar ɗaya ce, a ɗinke wuyan da ya tsage a bar gaɓar tana motsinta. In kuwa zamewar yaro ta wuce rabi, ko ana ganin tana ƙaruwa daga hoto zuwa hoto a lokacin da ya ke tsawo, ko ta fara danne jijiya, to, magana ta sake. Wannan likitoci su kan ba da shawarar a yi babban aiki, ko da ciwon bai tsananta ba.

Babban aikin nan shi aka yi wa Inna, ga kuma inda laifina ya ke. Ita nata ba tsaga ba ne, irin na tsufa ne. Guringuntsi ya ƙoƙe, ƙugiyoyi suka cinye, gaɓa ta huɗu ta zame a kan ta biyar, ramin jijiyoyi ya tsuke. Wannan iri ya fi kama mata da suka haura shekara 50. Mace ce mai sana'ar dakau, da can kasuwa da ƙafa ta ke zuwa ta dawo da kaya a ka. Sai ya zamana in ta yi 'yar tafiya ƙafafu su yi nauyi, zugi ya taso daga mazaunai ya gangara har tafin ƙafa. In ta zauna, ko ta duƙa ta dafa wani abu, sai ya lafa, ta tashi ta ƙara gaba kaɗan ya dawo. Aka yi watanni ana magani da gashi, babu sauƙi. Likita ya ce lokacin aiki ya yi. Ni ne mai albashi a dangi, ni ne kuma wai mai ilimin boko, saboda haka kowa ya zuba mini ido. Na ce a'a. Na ce na ji an ce wanda aka tsaga wa baya ba ya sake tashi. Ban san ko mutum ɗaya da hakan ta same shi ba, jita-jitar ofis ce kawai, kuma in faɗi gaskiya, kuɗin ma sun tsorata ni.

Muka yi shekara guda da wata biyu muna zagaye. Wanzami ya yi ƙaho, aka yi tsaga, aka sayo man shafawa iri-iri. Ta sha ƙwayoyin kashe zafi na kemis har suka ɓata mata ciki. Ran nan na je gaishe ta, tana rako ni ƙofar gida sai na ga silifa ta fita daga ƙafarta ta hagu, ita ba ta ko ji ba. Ta mayar, taku uku ta sake fita. Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, takalmin nan ya gaji da ni." Ni kuwa gabana ya faɗi, don na ga ƙafar ba ta ɗagowa, jan ta ta ke yi. Washegari muka koma asibiti. Likita ya gwada ƙafar, ya dube ni ya ce, "Malam Akawu, ina kuka shiga?" Ban sami amsa ba.

Da na gaya masa abin da ya tsorata ni, sai ya jawo takarda ya zana mini. Ashe laka ba ta kai ƙasan tsatso ba, wajen L1 ko L2 ta ke ƙarewa. Daga nan zuwa ƙasa jijiyoyi ne sili-sili a cikin wata jaka mai ruwa, likitoci ma wutsiyar doki su ke ce musu. Ya ce ba zai ce babu haɗari ba, jijiya ɗaya tana iya samun rauni a wurin aiki, amma mutum ya shanye gaba ɗaya saboda aikin L4 da L5 abu ne da ba safai ya ke faruwa ba. Ya ce jijiyar da aka bari a danne wata da watanni ita ma rauni ta ke samu, sai dai a hankali, babu wanda za a ce shi ya yi.

Aikin nan hawa biyu ne. Na farko a buɗe wa jijiya hanya, watau a cire ƙashi da naman da suka danne ta. Na biyu a haɗe gaɓar da ta zame da ta ƙasanta su zama ƙashi ɗaya. Haɗe gaɓoɓi tsohuwar dabara ce. A 1911 likitoci biyu a Niyok, Hibbs da Albee, kowa da tasa hanya, suka fara yin ta don masu tarin fuka na ƙashin baya. Albee daga ƙwaurin majinyaci ya ke yanko ƙashi ya dasa a baya. A wancan zamani sai mutum ya yi watanni a kwance cikin filasta kafin dashen ya kama. A shekarun 1960 wani Bafaranshe, Roy-Camille, ya nuna ana iya murɗa sukuru ta baya ya ratsa har cikin gaban gaɓa, wannan ne ya sauƙaƙe wahalar kwanciya. Yau ga yadda a ke yi. A sa mutum barci, a kwantar da shi rubda ciki, a tsaga ta baya. Bayan an saki jijiyoyi, a murɗa sukuru huɗu, biyu a gaɓar sama biyu a ta ƙasa, galibi na wani ƙarfe mara tsatsa mai suna taitaniyam, a haɗa su da 'yan sanduna biyu. Sau da yawa a kan kwashe guringuntsin da ya lalace, a sa wani ɗan akwati cike da ƙashi a gurbinsa. Na Inna ya ci wajen awa uku, ni kuwa a waje na ƙirga kowane minti.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba, ƙarfen nan tokara ce kawai, kamar katakon da magini ke tokare bene da shi kafin siminti ya kama. Ƙashin da aka dasa shi ne ginin, kamawarsa kuwa ta kan ci wata shida zuwa shekara. In bai kama ba, ƙarfe ya kan kwance ko ya karye, komai ƙarfinsa. Taba tana cikin manyan abubuwan da ke hana shi kamawa, don haka mai shan sigari ya san da wannan tun kafin ya hau gado. Mai ciwon sukari kuma sai an daidaita masa, don gudun ruɓewar rauni. Sauran haɗarin da aka karanta mini kafin in sa hannu su ne zubar jini har a bukaci ƙari, da hujewar jakar ruwan nan, da daskarewar jini a ƙafa, da kuma cewa bayan shekaru gaɓar da ke sama da wadda aka haɗe tana iya gajiya, tun da aikin biyu ya koma kanta. An tsayar da Inna da ƙafafunta a kwana na biyu, muka koma gida cikin mako guda. Wata uku babu ɗaukar kaya, babu sunkuyo, babu murɗa jiki. Masu salla su tambayi likita yaushe za su koma ruku'u da sujada, kada su yanke wa kansu. Turmi kuwa mun ɓoye shi a gidan maƙwabta, don mun san halinta.

Zugin ƙafa ya tafi tun a makon farko, yanzu kasuwa da ƙafarta ta ke zuwa. Tsatson ya kan ɗan yi mata tsami lokacin sanyi, dama an gaya mana aikin nan ya fi maganin ciwon da ke sauka ƙafa bisa ga na baya kansa. Amma ƙafar hagu ba ta dawo duka ba. Har yau takalmi mai maɗauri ta ke sawa. Na tambayi Likita ko da mun zo da wuri da ba haka ba. Ya ce ba zai rantse ba, amma jijiyar da ta daɗe a danne ba kullum ta ke farfaɗowa ba. Inna ba ta taɓa yi mini gori ba. Ni ne dai duk ran da na ji sawunta a zaure na ke sanin ita ce tun ba ta yi sallama ba.

Kada kuma a ɗauka likitoci bakinsu ɗaya a kan komai. A 2007 an buga sakamakon wani bincike na asibitoci 13 a Amurka, a kan majinyata wajen 600 masu irin ciwon Inna, aka ga bayan shekara biyu waɗanda aka yi wa aiki sun fi samun sauƙi. A nan babu gardama sosai. Gardamar tana ga hawa na biyu, watau ko lalle sai an sa ƙarfe. A 2016 bincike biyu suka fito a mujalla ɗaya. Na Suwidin, mai majinyata 247, ya ce haɗe gaɓoɓi bai ƙara komai ba a kan buɗe wa jijiya hanya kaɗai. Na Amurka, mai majinyata 66, ya ce ya ɗan ƙara, kuma ya rage yawan komawa a sake aiki. A 2021 na Norwe, mai majinyata 267, ya goyi bayan na Suwidin. Mu da ke biyan kuɗin ƙarfe daga aljihunmu, wannan gardama ta shafe mu ƙwarai, don ƙarfen yana cin babban rabo na kuɗin aikin. Dattijon da aka ce a sa masa ƙarfe yana da damar ya tambaya cikin ladabi, me aka gani a hotonsa da ya sa buɗewa kaɗai ba za ta isa ba? Wani lokaci amsar tana da ƙarfi, misali in hoton sunkuyo da na gantsarewa sun nuna gaɓar tana kai da komo. Amma a lura, duk wannan zancen irin na tsufa ne. Zamewar da tsaga ta kawo, in ta kai ga babban aiki, galibi sai an haɗe.

Akwai alamun da ba a jiran gobe a kansu, ina roƙon malamai su faɗa wa ɗalibai, limamai su faɗa wa jama'a. Mai ciwon baya in ya ji tsakanin cinyoyinsa da mazaunansa sun mutu, wurin da ke taɓa sirdi in an hau doki, ko fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suka riƙa zubowa bai sani ba, ko ƙafa ta raunana farat ɗaya, to, wutsiyar dokin nan ce aka shaƙe. A ranar za a kai shi asibiti, ko da dare ne, don aikin da ya wuce kwana ɗaya ko biyu sau da yawa ba ya mayar da abin da aka rasa. In kuwa ciwon baya ya zo da zazzaɓi, da zufar dare, da rama, a nemi a duba tarin fuka, don yana cin ƙashin baya a ƙasarmu, maganinsa kuwa ƙwayoyi ne na watanni, wani abu ne dabam da wanda mu ke zance.

Yanzu, Malam, ga amsata ga mutanen gidanka. Baba Kaka a gaya masa cikin girmamawa, ni ma maɗori ne ya ɗora mini hannu ina yaro, ga shi kuwa da shi na ke rubutun nan. Amma hannu ana iya kama shi a ja, a jera masa karan ɗori. Wannan ɗan ƙashi yana can ƙarƙashin nama mai kauri, yatsa ba ya kai gare shi, babu inda za a ɗaura kara, kuma ja da dannawa da taka baya suna iya ƙara ɓarna. Kawu ya bar gonarsa, damina na zuwa. Uwar yaro kuwa a yau ita ce mai gaskiya, sai dai a lallashe ta ta janye rantsuwar, don in wata shida ya wuce ciwo bai bari ba, ko hoto ya nuna zamewar na ƙaruwa, kada rantsuwa ta tsare ƙofa kamar yadda tsorona ya tsare ta Inna. In ta kai ga haka, a nemi likitan da ƙashin baya ne aikinsa, a asibitocin ƙashi na Gwamnatin Tarayya kamar na Dala a Kano, ko Igbobi a Ikko, ko na Inugu, ko a manyan asibitocin koyarwa. A tafi da hotuna duka, tsoho da sabo, a tambayi mataki na nawa ne, wane aiki za a yi, ɗinkin tsaga ko haɗe gaɓoɓi, nawa ne kuɗin har da na ƙarfe da na gashi. Jin ta bakin likita na biyu ba rashin kunya ba ne, likitan kirki ba ya fushi da shi.

Abin da zai fi ba ka wuya, Malam, shi ne yaron kansa. Bayan mako uku ko huɗu na hutu ciwon zai lafa, zai ce maka ya warke, abokansa kuma suna fito a bayan katanga. Takalman ƙwallon nan ka kai su makaranta ka kulle a kabad ɗinka, mabuɗi a aljihunka, har ran da masu gashi suka ce ya koma fili. Ka rubuto mini lambar gaɓar da matakin da ke cikin takardar asibiti, bayan wata uku kuma ka sanar da mu yadda ya ke, in Edita ya yarda mu buga. Na karanta wa Inna takardarka, ta ce a gai da uwar yaron da jiki.

Haza wassalam.

Naku,
Akawu.